Raina Yana Tare da Masu Zanga-Zanga, Amma Ana Cewa Ni Baƙo Ne a Legas

Tambaya: Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12, na haura shekara goma a Legas. Da wuya a yi wata biyu ba a kama mana yaro ba, ko ɗan acaba ko ɗan dako, sai mun yi karo-karo mun fanso shi. Duk lokacin da matasan gari suka fito zanga-zanga kan cin zalin 'yan sanda raina yana tare da su, amma dattawanmu suna cewa babu ruwan baƙo da rigimar 'yan gida. Ga kuma abin da muke gani a waya ana yi wa baƙaƙen fata a Amurka. Ta wace hanya mutum irina zai goya baya ba tare da ya ja wa kansa da 'yan'uwansa masifa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin raina maganar dattawan nan. Sun ga rikicin ƙabilanci na Ketu a 1999, sun ga na Idi-Araba a 2002, kai kanka kana nan aka rufe Mile 12 a watan Maris na 2016. A watan Oktoban 2020 kuwa, bayan harbin da aka yi a Lekki kan masu zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda, lokacin da 'yan sanda suka janye daga tituna, a Fagba rikicin ya juye ya koma tsakanin Bahaushe da Bayarabe, aka yi asarar rayuka da dukiya. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, in ya ce a yi hattara ba tsoro ne kaɗai ke magana ba. Inda na saɓa da su shi ne kalmar baƙo. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama duk inda ya ga dama a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ya fito. A watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, daga baya aka sake su don ba a same su da laifi ba. Wanda ake iya tarewa haka saboda kamanninsa da harshensa, rigimar tasa ce tun kafin kowa ya ɗaga allo.

To amma goyon baya ba tsayuwa a kan kwalta kaɗai ba ne. Zanga-zanga tana da fuska tana da ƙeya. Fuskar ita ce ake gani a talabijin. Ƙeyar ita ce mai rubuta sunayen waɗanda suka fita, da lauyan da ke jiran waya, da mai tsayawa a beli, da mai ajiye bidiyo, da mai kai rauni asibiti. A 2020 fuskar ta cika maƙil, amma bayan shekara uku ƙungiyar Amnesty International ta ce akwai aƙalla mutum 15 da aka kama a lokacin, suna gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi, akasarinsu ba a ma yi musu shari'a ba. Talakawa ne da aka share a unguwanni, babu wanda ya rubuta sunansu ranar da aka ɗauke su. A ganina ɗan kasuwa mai rumfa da adireshi da mutunci irinka, ƙarfinsa ya fi amfani a ƙeya.

Ka fara riƙe wannan, domin za a yi maka gardama a kai: zanga-zangar lumana ba ta bukatar izinin 'yan sanda. Sashe na 40 ne ya ba da 'yancin taro. Hukuncin da ya tabbatar da haka ma daga Kano ya samo asali. A watan Satumban 2003 'yan sanda sun watsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa, suna cewa ba a nemi izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, lauya Femi Falana ya tsaya musu, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tilasta neman izinin ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su za a yi jerin gwano, aikinsu ne su ba da tsaro. Saboda haka takardar da ake kai wa kwamishina sanarwa ce ba roƙo ba. A yi ta kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, a riƙe ta. Sai dai a kula da umarnin kotu. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, babbar kotun Legas ta taƙaita taron a filin Gani Fawehinmi da ke Ojota da wani fili a Ketu. Ko mutum yana ganin umarnin bai dace ba, wanda ya tsallake shi ya ba ɗan sanda hujjar da ba shi da ita da safe.

Abu na farko da za ka saya littafi ne, irin na rubuta bashi. Duk wanda zai fita daga cikinku a rubuta cikakken sunansa yadda yake a katin ɗan ƙasa, da laƙabin da aka san shi da shi, da shekarunsa, da garinsu, da lambar wani makusancinsa, da kalar kayan da ya sa, da ciwon da yake fama da shi in akwai, musamman asma ko sikila ko farfaɗiya. A ɗauke shi hoto a ranar. Mai riƙe da littafin ba ya fita, yana zaune a rumfa da waya mai caji. A sa lokaci, misali bayan la'asar, kowa ya kira ya ce ya dawo. Wanda aka kai magariba ba a ji ɗuriyarsa ba, a fara nema a daren, ba sai gari ya waye ba. Laƙabin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yaron da kowa ya sani da Ɗan Zariya, a littafin caji ofis an rubuta Ibrahim Musa, ko an rubuta sunan a karkace yadda kunnen mai rubutun ya ji. Sai 'yan'uwa su zagaye ofis biyar ana ce musu babu shi, alhali yana bayan kanta. Shi ya sa ake tafiya da hoto. A fara da ofishin da ya fi kusa da inda aka kama shi, sannan ofishin babban jami'in yanki, sannan ofishin binciken manyan laifuka na jiha da ke Panti a Yaba, sannan ofishin rundunar ko-ta-kwana ta gwamnatin jiha da ke Oshodi, inda ake kai 'yan acaba da masu talla, kuma ake gurfanar da mutane gaban kotun tafi-da-gidanka cikin gaggawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lauya ana nemansa ne tun kafin a kama kowa. Ku je ku zauna da shi, ku daidaita kuɗin zuwa caji ofis sau ɗaya da kuɗin tsayawa a kotu, ku tabbatar yana ɗaga waya da dare da ranar Asabar. In hali bai kai ba, akwai Ofishin Kare Talakawa na gwamnatin Legas da ake kira OPD, kyauta yake aiki, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, kuma rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA a Ikeja da Legas da Ikorodu suna da kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam. Kowa ya rubuta lambar lauyan da biro a damtsensa, domin waya ce abu na farko da ake ƙwacewa.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutanenmu. Ba bugu ba ne, takarda ce. Ana kai yaro ciki, a zaunar da shi, ɗan sanda ya rubuta bayani da Turanci, a miƙo masa a ce ya dangwala. Shi bai iya karatun boko ba, ga tsoro, ga alkawarin in ya sa hannu zai kwana a gida. Bayan wata shida a kotu sai a karanta masa cewa shi da bakinsa ya amsa ƙona mota ko fashi. Ku koya wa kowane yaro jimla ɗaya ya haddace ta kamar karatun allo: ba zan yi bayani ba, ba zan sa hannu ba, sai lauyana ya zo. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Dokar shari'ar laifuka ta Legas ta ce ikirarin laifi a ɗauke shi a bidiyo, ko kuwa a yi shi gaban lauya. A kotu ma, wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi yana da haƙƙin tafinta kyauta. Kada ya ji kunya ya ce yana jin Turanci saboda ya iya na ciniki. Turancin sayar da tumatir daban, na takardar tuhuma daban.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A kai mutum kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a cikin Legas kusan ko'ina akwai. Ba a kama wa don ƙani ya gudu, ba a kama maigida a madadin yaronsa. Ba a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Azabtarwa laifi ne da dokar 2017 ta yanke wa ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa launin fata da shekaru da irin aski da irin sutura ba dalilin zargi ba ne. Belin caji ofis kyauta ne, an rubuta a bango. Na san abin da ke faruwa a zahiri, kuma ba zan ce ka bar yaro ya kwana uku a ɗaki mai wari don kare ƙa'ida ba. Amma in dole ta sa aka biya, a rubuta a littafi: ranar, adadin, sunan da ke ƙirjin jami'in, ofishin, da waɗanda suka gani. In ta hanyar tura kuɗi ne ko mai POS na bakin ofis, a adana rasit. Karo-karon da kuke yi duk wata biyu, da ana rubuta shi shekara guda, da kun mallaki hujjar da za a ajiye gaban kwamishina ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar, ba labarin baki ba.

Idan aka kai kotu, matsalar ta koma ta mai tsayawa. Majistare a Legas yakan ba da beli a kan wani adadi da masu tsayawa biyu. Adadin nan galibi ba kuɗin da ake ajiyewa ba ne, alkawari ne cewa in wanda ake tuhuma ya gudu mai tsayawa zai biya. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne sharuɗɗan: shaidar biyan haraji ga gwamnatin Legas, adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da ido, shaidar sana'a, hotuna, katin shaida. Sai ka ga Alhaji mai tirela uku ya kasa fitar da yaro, don harajinsa na kasuwa ne da tikiti, ba shi da takarda mai sunansa. Yaron ya tafi Kirikiri da beli a hannu. A nan 'yan damfarar bakin kotu masu sayar da tsayawa ke samun kasuwa, kuma in aka gano takardunsu na bogi ne lamarin ƙara dagulewa yake yi. Maganinsa mai sauƙi ne amma yana cin lokaci: ku zaɓi mutum biyar ko shida masu rumfa tsayayya, su yi rajistar haraji, su karɓi katin zama ɗan jiha na LASRRA, su haɗa takardar haya da ta wutar lantarki a jaka ɗaya. Mace ma tana tsayawa, doka ta hana a ƙi ta don ita mace ce, saboda haka kada a manta da hajiyoyi masu gidan abinci. In da za a tambaye ni taimako ɗaya da ya fi kowane nauyi da ɗan kasuwa zai yi wa masu zanga-zanga, wannan ne, kuma ba sai yaron ya zama Bahaushe ba.

Kuɗi kuma a yi hankali da su. A 2020 wata ƙungiyar mata da ake kira Feminist Coalition ta tara sama da naira miliyan 140, tana wallafa lissafin shiga da fita kusan kullum, abin da ya sa aka yarda da ita ke nan. Duk da haka hanyar karɓar kuɗinta ta banki ta toshe har ta koma ga Bitcoin, kuma a watan Nuwamba Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin kotu ya rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar. Darasi a gare ka: kada kuɗin taimako ya bi ta asusun da kake biyan masu kawo maka kaya daga Arewa. In aka rufe shi wata uku, tumatir ba ya jira. Ku sa mutum uku a kan kuɗin, mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi a bainar jama'a duk Juma'a. Ya fi kyau a biya abu kai tsaye, wato a sayi ruwa, a biya lauya, a biya asibiti, da a miƙa tsaba ga wanda ba a sani ba don ya iya magana a Facebook. Kuɗin ɗan siyasa kuwa a bar masa abinsa. Yana zuwa da igiya.

Ruwa lissafi ne. Jakar fiya wata ƙulli 20 ce, kowane rabin lita. Mutum a ranar Legas na awa shida yana bukatar ƙulli biyar zuwa shida, ke nan mutum 50 jaka 15, a ƙara biyar don wanke ido. Wanda jiri ya ɗauka a kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Barkonon tsohuwa ba hayaƙi ba ne zalla, ƙura ce mai laushi da ke manne wa fata da tufa. Kada a murza ido. A nufi inda iska ke fitowa, a hau tudu in akwai, a karkata kai a zuba ruwa mai tsabta daga gefen hanci zuwa waje na minti 10 zuwa 15. Masu shafa man shafawa ko basilin a fuska suna ƙara wa kansu ne, maiƙo riƙe ƙurar yake yi. Gwangwanin da aka harbo yana da zafin da zai sale hannu. In an koma gida a cire kayan a waje, a wanke su daban.

Raunin harbi kuwa abu ɗaya ne ke gaba da komai, tsayar da jini. A ninke tsumma mai tsabta a danna da ƙarfi da tafin hannu, in ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a ɗaga a leƙa. Kada a tona neman harsashi, kada a ba shi ruwa ko abinci. A kira 112 ko 767, amma kada a tsaya jira in akwai mota. Asibiti ba shi da ikon cewa sai an kawo takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya. Dokar kula da masu raunin harbi ta 2017 ta wajabta wa na gwamnati da na kuɗi su fara magani, su ne za su sanar da 'yan sanda daga baya. Har yanzu wasu ma'aikatan suna ƙi saboda tsoro, don haka a buga shafin farko na dokar a ajiye a jakar agaji, a nemi ganin babban likita. A karɓi lambar kati da rahoton likita, a ɗauki hoton raunin kafin a ɗaure.

Akwai wata magana mai nauyi da ta shafe mu musamman. In rai ya yi halinsa, zuciyar Musulmi tana son a yi sutura kafin rana ta faɗi, kuma mai laifi ya san haka. Sau da yawa za a ce wa dangi su sa hannu cewa ba su da ƙorafi a ba su gawa yanzu, ko su jira bincike. Wanda ya sa hannu ya binne shari'ar tare da mamacin. Legas tana da dokar binciken musabbabin mutuwa tun 2007, wadda ta ce mutuwa a hannun hukuma ko ta hanyar tashin hankali sai majistare ya bincika. Wannan shawara ce ta iyali da malamansu, ba mai tilasta musu. Amma a gaya musu gaskiya kafin su zaɓa, kuma lauya zai iya neman a gaggauta binciken likita, iyali su kawo nasu likitan ya tsaya a kai. Ko an zaɓi binnewa nan take, a ɗauki hoton raunukan, masu wanka su rubuta abin da suka gani su sa hannu, a adana tufafin a takarda ba a leda ba. Hukunci yana yiwuwa: ɗan sandan da ya harbe lauya Bolanle Raheem a Ajah ranar Kirsimeti ta 2022 an yanke masa hukuncin kisa a 2023, kuma shaidu da rahoton likita ne suka tabbatar da laifin.

Ka ambaci Amurka. Abin koyi a kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020 shi ne sanarwar farko ta 'yan sanda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta same shi. Yarinya 'yar shekara 17 ce ta tsaya a gefen hanya ta ɗauki abin tiryan-tiryan ba ta yanke ba, ana ganin gwiwar ɗan sandan a wuyansa sama da minti tara, daga baya aka ɗaure ɗan sandan shekara 22 da rabi. Bidiyo mai amfani ke nan. A tsaya nesa kaɗan, a riƙe wayar a kwance, a ɗauko allon titi ko wani gini da aka sani, da lambar motar sintiri, a faɗi rana da lokaci da baki, sannan a yi shiru. Zagi da kabbara da salati a kan bidiyo suna rufe muryar da kotu ke son ji. Kada a yanke, kada a ɗora waƙa ko rubutu. WhatsApp yana matse bidiyo ya goge bayanan da ke cikinsa, don haka a tura wa lauya a matsayin fayil, a bar na asali a wayar da ta ɗauka, domin sashe na 84 na dokar shaida yana bukatar bayani kan na'urar da ta samar da shi. A rufe fuskokin masu zanga-zanga kafin a wallafa. Kuma abin da ba ka tabbatar ba kada ka tura. Bayan Lekki tsofaffin hotuna sun gauraya da na gaskiya, masu musu suka riƙe na ƙaryar suna ƙaryata duka. Sai da kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya zauna shekara guda kafin ya ce a 2021 an kashe mutane a wurin, gwamnatin jiha ta ƙi amincewa da wannan ɓangaren, sannan a 2024 kotun ECOWAS ta ce Najeriya ta take haƙƙin masu zanga-zangar. Duk wannan a kan shaidar da aka adana aka gina shi.

Goyon bayan baƙaƙen fata na waje kuwa, a yi shi da baki da alƙalami da tsayuwar lumana. A 2019 da aka far wa 'yan Najeriya a Afirka ta Kudu, fusatattu sun afka wa shagunan Shoprite da ofisoshin MTN a Legas don kamfanonin Afirka ta Kudu ne, amma masu aiki a ciki da masu hayar shaguna a harabar 'yan Najeriya ne. Haka ƙona babbar kotun Igbosere a 2020: takardun shari'a suka ƙone, waɗanda ke tsare suna jiran a saurare su suka ƙara daɗewa.

In ka yanke shawarar fita da ƙafarka, ka fita da rana, ku biyu-biyu, da katin shaida, da ɗan kuɗin mota, da takalmin da za ka iya gudu da shi. Ka bar wuƙar yankan albasa da 'yar askar aljihu a rumfa. Abin da kake ɗauka kayan sana'a, a takardar tuhuma makami ne. Ɗan acaba kada ya je da babur, don tun 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Kosofe inda kasuwarku take, kuma babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Kada a je da yara. Kowa ya ga yaran Kano da Kaduna da aka gurfanar a Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024 bayan kusan wata uku a tsare, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali don yunwa, an ɗora musu tuhumar cin amanar ƙasa, har da batun ɗaga tutar Rasha. Tutar da ba ka san ma'anarta ba kada ka karɓa. Da zarar an sanar da dokar hana fita, ka kama hanya a lokacin, kada ka jira sa'ar ta cika. Ranar 20 ga Oktoban 2020 da tsakar rana aka sanar cewa za ta fara ƙarfe huɗu, a garin da mutum ke yin awa uku a cunkoso. Alamomin tashi kuwa sanannu ne: sababbin fuskoki da sanduna sun sauko daga mota ɗaya, an fara kunna taya, an kashe fitilun titi, ko 'yan sandan da ke tsaye tun safe sun janye ba dalili. Kuma duk wanda ya zo da kuɗi yana neman yaran Arewa su je su tarwatsa masu zanga-zanga, a kai sunansa ga shugaban kasuwa a ranar. Yara goma ne za su karɓi kuɗin, unguwa guda ce za ta biya.

Ku je wa Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai kafin komai, ba don neman izini ba, don kada su ji a bakin DPO, wato shugaban caji ofis. Ku kuma zauna da Baale (mai unguwar Yarabawa) da Iyaloja (shugabar kasuwa) da matasan Yarabawa da Ibo na unguwa, a yi musayar lambobi, a amince cewa in jita-jita ta tashi wane zai kira wane kafin kowa ya ɗauki sanda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kada ku tsaya a bayan buƙatun wasu kawai. Masu EndSARS sun fito da buƙatu biyar a rubuce, har da ƙarin albashin 'yan sanda. Ku ma ku rubuta naku a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci da Yarabanci: tafinta a ofisoshin Ketu da Agege da Idi-Araba da Ojo, rasit ga duk babur ko kaya da aka ƙwace, daina sharar masu kwana a kasuwa da masallaci da dare, da kuma majistare ya riƙa kai ziyarar duba ɗakunan tsare mutane duk wata kamar yadda doka ta tanada. A ƙarƙashin kowace buƙata a sa misali biyu ko uku daga littafinku, da rana da sunan ofis. Kwafi ɗaya ga DPO, ɗaya ga kwamishina a Ikeja, ɗaya ga ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, kowanne a karɓo hatimi, a sa ranar da za a koma bin sawu bayan mako biyu.